Inda Aka Zuba Ruwan Kawu

Na Allah ne mu, kuma babu wanda zai ƙi amsa kiranSa. Kawu, yayan mahaifiyata, ya amsa nasa da hantsin wata Talata a gidansa da ke unguwar Maamobi, kuma kafin azahar tsakar gidan ta cika. Mutane sun zo sosai, kada in rage musu. Tsofaffin abokan cinikinsa na goro sun zo, 'yan haya sun fito da bencuna, matan unguwa sun aiko da koko. Amma ban ga ido ko ɗaya da ya yi ja ba. Na duba, domin ni mutum ne mai duba irin wannan abu. Wata tsohuwa da ta daɗe tana haya a ɗakin bakin ƙofa ta zauna, ta dubi gindin katanga, ta ce, "To, yanzu wa zai ba matarsa ruwa?" Mata suka rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Matar Kawu ta yi shekaru da rasuwa. Shukarsa tsohuwar take nufi.

Ranar addu'ar uku Liman ya ce duk wanda ya san wani alheri na mamacin ya faɗa, saboda shaidar maƙwabta tana da nauyi wurin Ubangiji. Aka yi shiru har ana jin mai wanke kwanuka a gidan baya. Can wani dattijo ya ce, "Yana riga kowa zuwa masallaci." Wani daga bayan rumfa ya ce, "Don ya tara ruwan alwala ne, Alhaji." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, kuma gaskiya ce, Kawu yana ajiye daro a inda ake alwala, ya kwashe ruwan ya kai wa shukarsa. Liman bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Tela, kai ka fi kowa zama da shi. Ranar arba'in kai za ka yi magana. Abu ɗaya ya isa, amma na gaskiya."

Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. In na ƙirƙiro alheri, na yi shaidar zur a gaban Allah. In na yi shiru, Kawu ya tafi ke nan babu mai shaidarsa, alhali a ƙarƙashin rufinsa na yi gemu. Sai na riƙa bin rayuwarsa a raina ina lalube, kuma duk inda na taɓa sai in tarar da shukar nan.

Kawu ya gina gidansa da kuɗin goro, ya malale tsakar gidan da siminti, ya bar wuri ɗaya tak a gindin katangar gabas, girmansa bai wuce tabarmar sallah ba. Nan ne kaɗai ƙasa take numfashi a gidan. Nan ya dasa ta. Ba ta 'ya'ya, ba a miya da ita, furenta ma wani siririn abu ne kamar jelar ɓera. Ganye ne kawai, mai faɗi, launin tagulla, wani wurin ja-ja, wani wurin kamar tsohon tire da aka goge da toka. In ranar safe ta buge shi sai ya yi ƙyalli har mai wucewa ya tsaya. Mutanen gida suna ce mata fulawar Maigida. Shi Tagulla yake kiran ta. Kewaye da ita akwai gwangwanayen madara da na tumatir da ya shafa wa shuɗin fenti, kowanne da reshen da ya yanka ya kafa. Waɗannan su ne 'ya'yanta. Nasa 'ya'yan na cikinsa bai taɓa shafa kan ɗayansu a gabana ba.

Yana da wata magana da yake yawan yi in yana ba ta ruwa, kuma da ƙarfi yake yi don a ji: "Mutum, ka ba shi ruwa ya ce ina tuwo. Wannan ruwa kawai take so, kuma ba ta yi da ni a bayan idona."

In damina ta kama, Asabar ba ta kowa ba ce sai tasa. Ni nake rufe shagon ɗinkina in bi shi, don shi ba ya ɗaukar kaya. Mu bi bakin titin Kanda inda masu sayar da shuke-shuke suke jera gwangwanaye, ko mu shiga gidan wasu baƙi da za su koma ƙasarsu suna sayar da komai har tukwanen fulawa. Akwai kuma wasu mata a Kokomlemle da suke kasa shuke-shuke a harabar cocinsu sau ɗaya a shekara. Kawu ya shiga da babbar rigarsa da carbinsa ba ko ɗar, ni kuwa in tsaya a bakin ƙofa ina duba hanya kada wani ɗan unguwarmu ya gan mu. Ya ce, "Shigo, ɗan ƙanwata, ƙasa ba ta da addini." Na sha tambayar kaina ko wannan maganar ta halatta. Ban taɓa samun ƙarfin tambayar Liman ba.

Yadda yake sayayya abin kunya ne. Ba ya kallon saman ganye, juya shi yake ya duba bayansa. Ya tsoma yatsa cikin ƙasar gwangwani ya shinshina. Wata rana wata dattijuwa mai farin gashi ta nuna masa irin Tagullarsa, tana murmushi, tana cewa ita ta raine ta da hannunta. Kawu ya ɗaga gwangwanin, ya ga saiwa ta fito ta ƙasa ta nannaɗe, ya ce mini, "Gaya mata da yarensu, in haka ta raini 'ya'yanta, Allah Ya ji ƙansu." Ban gaya mata ba. Na ce da ita a Twi wai ya ce ta yi kyau. Amma ta ga fuskarsa, murmushin ya bar ta. Ya saya duk da haka. Marasa lafiya yake saya, waɗanda suka yi yaushi, ya ce ba zai bar su a hannun azzalumai ba. Na ɗora a kai, muka shiga motar haya, trotro, ƙasa na zubo mini a wuya, shi kuma yana ce wa yaron mota ya yi a hankali da kaya.

Na fara lissafin alherinsa da kaina. Lokacin da mahaifina ya rasu, Kawu ya ba ni da Inna ɗaki, bai taɓa karɓar haya ba. Wannan babban abu ne. Amma ranar da muka tare ya nuna mini bokiti ya ce, "Hayarka ke nan, safe da yamma." Da Inna ta kwanta ciwon ajali na makara da ruwan yamma, sai ya zo bakin ƙofarmu ya tsaya, bai tambayi jikin ƙanwarsa ba, ya ce, "Tagulla ba ta san ana ciwo ba."

Na tuna kuma wani Bazabarme ɗan dako da ya bari yana kwana a zaure. Mutane har sun fara cewa Maigida ya yi laushi. Ashe awakin maƙwabcinmu ne suke shigowa da sassafe. Da maƙwabcin ya sayar da awakinsa, a makon nan Kawu ya fitar da tabarmar bawan Allah waje, ana ruwan sama.

A shekarar yunwa, da famfo ya ƙafe, mata suna bin layi tun asuba har hantsi. Matar Yaya, wato matar babban ɗan Kawu, ta shigo da bokiti a kai, ta sauke don ta huta. Kafin ta juyo Kawu ya ɗauka ya juye rabi a gindin katanga. Ita haifaffiyar unguwar Nima ce, bakinta ba ya jira. Ta ce, "Baba, jikokinka bai sha ruwa ba kuraa, ko ɗigo." Ya ce, "Suna da ƙafa. Ita tana da ƙafa?" Da yamma Yaya ya zo ya ce a bari a shuka ko alayyafo ne a wurin, yara su samu ganyen miya. Kawu ya dube shi ya ce, "Ranar da ka gina naka gidan ka shuka har dawa." Yaya mutum ne mai 'ya'ya a lokacin, amma a gaban 'yan haya aka faɗa masa haka. Ya dubi shukar kawai, irin kallon da mahauci yake yi wa sa.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuyar rubutawa.

Allah Ya ba mu 'ya mace, ni da maiɗakina, bayan mun daɗe muna jira. Ta fara rarrafe sai ƙuraje suka feso mata. Matan zango, wato unguwarmu, sun yarda cewa in an dafa jan ganyen nan aka yi wa jariri wanka, ƙuraje suna kwantawa. Maiɗakina ta je ta durƙusa ta ce, "Kawu, ganye kaɗan nake roƙo, ko waɗanda suka faɗo." Ya ce waɗanda suka faɗo taki ne. Ya ce in ya ba ta, gobe duk mai jego a Maamobi za ta zo da kwando. Ta tashi ta dawo ɗaki. Dole in faɗi gaskiya a nan, kada in ɗora masa abin da ba nasa ba: a asibiti sun ce ƙyanda ce, kuma ganye ba ya maganin ƙyanda. Ko ya ba da shukar duka, kwananta ya ƙare. Na sha gaya wa maiɗakina haka. Takan ce, "Na sani, Malam."

Abin da ya biyo baya shi ne ba ni da uzurin da zan ba shi. A wurinmu, ruwan da aka wanke mamaci da shi ba a zubar da shi inda ƙafa take takawa, ba a kuma haɗa shi da ƙazanta. Rami ake tonawa a ƙasa a zuba, a rufe. A gida irin namu mai siminti, a daro ake tara shi. Gwaggo, wadda take wanke matan unguwarmu, ta fito da ɗan daro a hannu, ruwan bai fi a shanye a kofi uku ba, ta nufi gindin katanga, tunda babu wata ƙasa. Kawu ya tashi daga kujerarsa ya tsaya a gabanta.

Ya ce, "Akwai sabulu a ciki?"

Gwaggo ta ce, "Maigida, ruwan jikarka ne."

"Na ce akwai sabulu? Akwai kafur?"

"Akwai."

"To a kai gota."

Ni na karɓi daron. Na bi lungu da shi, ina rufe shi da gefen rigata, mutane suna matsawa suna ba ni hanya. Duk inda na ga 'yar ƙasa, ko wurin fitsari ne ko ƙofar wani. Na isa babbar gotar, wato kwatar da ta raba mu da Nima, inda ruwan wanke-wanke da na bayan gida da jinin kaji suke haɗuwa. Na yi bisimilla na zuba. Ƙamshin kafur ya tashi kaɗan, warin gota ya danne shi. Da na dawo na tarar Kawu yana cire busassun ganye.

Mun ci gaba da zama a gidan, domin ba mu da wurin zuwa. Na ci gaba da ɗebo ruwa safe da yamma. Maiɗakina ba ta sake bi ta gefen gabas ba, ko shanya za ta yi sai ta zagaya. Allah Ya ba mu wasu 'ya'yan daga baya, ta hana su taɓa ko gwangwani.

Da tsufa ya kama Kawu, ƙafafunsa suka kumbura, ni nake fitar da shi in zaunar a gaban Tagulla. Wata rana bayan la'asar ya ce in matso. Na ce a raina yau zai nemi gafara, har na fara shirya yadda zan amsa don kada in ba shi kunya. Ya ce, "Ɗan ƙanwata, kai za ka wanke ni. Wancan ba zai iya ba." Yaya yake nufi. Na ce Allah Ya ja kwana. Ya ce, "Bar wannan. Ruwan, gota za ka kai. Kada ka bari su zuba mata. Za su ce girmama ni suke." Na jira ko akwai saura. Ya ce, "Gwangwanin ƙarshe yana neman a sauya masa ƙasa."

Haka kuwa aka yi. Ranar Talatar, ni da wani dattijo muka wanke shi, na fito da babban daro, ruwa na tangaɗi. Yaya yana tsaye a tsakar gida. Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, taubasai muke, tun muna yara yake tsokanata, amma ranar babu wasa a muryarsa ko da kalmomin na wasa ne. Ya ce, "Bawana, ina za ka da shi? Ga ƙasa can. Zuba masa a kan matarsa su sha tare." Mata suka ce haka ne, haka al'ada take, ai dattijo ne mai gida, ba a kai ruwansa gota. Na ga fuskokinsu. Ba girmama shi suke ba, so suke su ga ganyen ya ƙone.

Na ce, "Yaya, wasiyya ya bar mini."

Ya ce, "Ka ji ɗan mace. Ya mutu ma yana aiken ka."

Na wuce. Lungun nan dai, gotar nan dai. Daron ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba, sai da na huta a hanya. Na yi bisimilla na zuba, kafur ya tashi, wari ya danne shi.

Da na dawo, Yaya ya riga ya sa an kawo fatanya. Wai za a kafa sandar rumfar zaman makoki kuma babu inda za a tona sai nan. Tagulla tana kwance a kan siminti, saiwarta a sama, yara suna tsallake ta. Ba a ma ɗauki gawar ba tukuna. Gwangwanayen kuwa, kafin addu'ar bakwai matar Yaya ta kira wani mai kura ya kwashe su. Wurin yanzu an malale shi da siminti, za a ja ɗaki.

Ana saura 'yan kwanaki arba'in na ga kamar na samu abin faɗa. Na gwada wa maiɗakina tana tsince shinkafa. Na ce zan ce Kawu bai yi wa kowa abin da bai yi wa kansa ba, inda ya aika ruwan 'yarmu nan ya aika nasa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shi ya zaɓa, Malam. Ita wa ya tambaye ta?"

Shi ke nan, wannan ma ta faɗi. Na fita ban san inda za ni ba, sai ga ni a bakin titin Kanda. Ina bin jerin gwangwanaye da ido, na hango shuɗin fenti a can baya, cikin rana, wurin da mai sayarwa yake tura waɗanda ya fid da rai da su. Gwangwanin ƙarshe ne, wanda ya ce a sauya wa ƙasa. Ganye biyu suka rage, sun lanƙwashe. Mai sayarwar ya ce, "Wannan ya mutu, Alhaji, ga masu kyau sosai paa." Na juya ganyen na duba bayansa. Na tsoma yatsa a ƙasar. Sai da na kai yatsan hancina na lura da abin da nake yi. Na saya, na kai shagona, na ajiye inda nake alwala.

Ranar arba'in na zo da shi a hannu, ya ɗan farfaɗo. Na ajiye a gaban Liman. Mutane suka fara kallon juna, tsohuwar ɗakin ƙofa ta ce, "Ga amarya ta zo gaisuwa." Na ce, "Jama'a, ban san alherin da Kawu ya yi wa mutum ba wanda zan iya rantsuwa a kai. Abin da na sani, wannan abu mai rai ne, Allah Ya halicce shi, kuma tun da ya shiga hannun Kawu bai taɓa wuni da ƙishirwa ba, ko da fari ko da yunwa. Iyakar shaidata ke nan." Babu wanda ya ce amin da farko. Liman ya daɗe yana kallon gwangwanin, sannan ya ce, "An ji. Allah Ya fi mu sanin inda zai ajiye ta." Ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Yaya ya ce in kwashe abina kafin a raba waina.

Na rubuta wannan ne saboda gidan ya riga ya manta shi. An yi wa katangar fenti, an ba da kujerarsa, jikokinsa ƙanana ba za su san an taɓa yin ƙasa a wurin ba. Ban ƙawata shi ba, ban kuma ƙara masa ba, gwargwadon iyawata. In akwai kuskure Allah Ya yafe mini.

Tagulla ƙarama ta yi sabon ganye, na sauya mata ƙasa zuwa tsohon bokiti. Maiɗakina takan kawo mini abincin rana a shago, kuma ta daɗe tana ajiye kwano ta juya ba ta kalli wajen ba. Shekaranjiya ta tsaya. Ta kalli bokitin, ta kalle ni ina zuba masa ragowar ruwan buta. Ta ce, "Ka raine ta da kyau, Malam. In ka riga ni, a nan zan sa a zuba naka." Ta ɗauki kwanon jiya ta tafi. Har yanzu ina juya maganar, ban gane ba ko alkawari ta yi mini ko wani abu dabam.

Allah Ka ji ƙan Kawu, Ka shayar da shi ko da bai shayar da mu ba. Ka ji ƙan 'yata. Mu da muka rage, Ka ba mu wanda zai samu abin faɗa a kanmu ba tare da ya sha wahalar nema ba.